Ba yawan takardu ne ya ɗaukaka Kandel ba

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta kama duniyar bincike wadda take damuna ƙwarai. Da an ambaci masanin ƙwaƙwalwa, tambayar farko ita ce takardu nawa ya wallafa, sau nawa aka kafa hujja da shi, nawa ne makinsa a ma'aunin h, wato lambar da ke haɗa yawan takardun mutum da yawan ambaton da aka yi musu. Wani masanin fiziks mai suna Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro ma'aunin a 2005, kuma ban ce ba shi da amfani ba. Amma yana sa matasa su riƙa tsinka aiki ɗaya gida uku don lissafi ya ƙaru, su guji duk tambayar da za ta ci shekaru.

Ku dubi Eric Kandel. An haife shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1929, ya bar ta zuwa Amurka a 1939 saboda zaluncin 'yan Nazi ga Yahudawa. Likitan ƙwaƙwalwa ne, amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai: me yake canzawa a cikin kai idan an koyi abu aka riƙe shi? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, ta ina za a fara? Sai a 1962 ya tafi Faris wurin wani masanin jijiya mai suna Ladislav Tauc, ya koyi aiki da Aplysia, wata halittar teku mai kama da dodon koɗi. Ƙwayoyin jijiyarta wajen 20,000 ne kawai, wasu ma saboda girmansu ido yana iya ganinsu. Manya da dama a lokacin ba su ga hikimar likita ya bar dabbobi masu shayarwa ya koma kan wannan ba.

Abin da ya gano yana burge ni har yau. Idan aka taɓa bututun jikin halittar, sai ta janye abin numfashinta. Aka yi ta taɓawa, sai ta saba, ta daina damuwa. Amma in aka ɗan ja mata lantarki a wutsiya, sai ta firgita, taɓi kaɗan ya sa ta janye da ƙarfi. Kandel da abokan aikinsa suka bi diddigi har mahaɗar da ke tsakanin ƙwayar jijiya da 'yar uwarta. Sinadarin serotonin yana fita, ya ɗaga wani sinadari mai isar da saƙo da ake kira cAMP a cikin ƙwayar, shi kuma ya tayar da wani furotin, sai mahaɗar ta ƙara ƙarfi na 'yan mintuna. Wannan shi ne tunawa ta ɗan lokaci. In kuwa an maimaita horon da tazara, saƙon yana kaiwa har cibiyar ƙwayar, furotin CREB ya kunna ƙwayoyin gado, a ƙera sababbin furotin, sababbin mahaɗai su tsiro. Wato abin da ka haddace ya zauna ya sake ginin ƙwaƙwalwarka a zahiri. Daga baya aka ga CREB yana wannan aiki a ƙudaje da ɓeraye ma.

Shi ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2000 tare da Arvid Carlsson da Paul Greengard. Ya wallafa takardu masu yawa, ba musu, amma duk a kan hanya ɗaya suke, kowace tana ɗora tubali a kan ta baya.

Kuma adalci ne a faɗi cewa ba shi kaɗai ya yi ba. James Schwartz ya ɗauki babban kaso na aikin sinadaran, Craig Bailey da Mary Chen ne suka nuna tsirowar mahaɗan da madubin lantarki. Lissafin ambato yakan tara komai a kan sunan shugaban ɗakin gwaji, wannan ma yana cikin abin da yake ɓata min rai.

Tasirin nasa ma yana da iyaka. Kamfanin da ya taimaka aka kafa a 1998 don samar da maganin mantuwa bai kai ga fitar da maganin ba, kamfanin magunguna na Roche ya saye shi a 2008. Iyalan masu fama da cutar mantuwa ta Alzheimer har yanzu jira suke yi.