Korona ta lafa, amma har yau ba a ba da bahasi ba

Tun ranar 5 ga Mayun 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ga duniya, shugabanni da yawa suka ɗauki sanarwar tamkar takardar yafiya. Ka tambayi kowanne cikinsu abin da ya aikata a 2020 da 2021, amsar kusan guda ce: ba wanda ya taɓa ganin irin wannan annoba, kowa lalube yake yi, an yi iya ƙoƙari, a bar kaza cikin gashinta. Ni kam ban yarda a bar ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniyar da kanta ta ƙiyasta cewa a shekarun nan biyu annobar ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 14.9, alhali abin da gwamnatoci suka bayar a rubuce miliyan 5.4 ne. Rata irin wannan ba a rufe ta da "an yi iya ƙoƙari".

Uzurin nasu yana da ƙamshin gaskiya, dole a faɗa. A farkon 2020 babu allurar rigakafi, kayan gwaji sun yi ƙaranci, masana ma suna sauya shawara a kan takunkumi. Shugaban da ya rufe makarantu fiye da kima, ko ya buɗe kasuwanni da wuri bisa shawarar da aka ba shi, kuskure ya yi, kuma ɗan Adam ajizi ne. Jama'a sun san haka, sun kuma nuna sun sani. Jam'iyya mai mulki a Koriya ta Kudu ta lashe zaɓen majalisa a Afrilun 2020 ana tsakiyar annobar, Jacinda Ardern ta New Zealand ta yi nasara da gagarumin rinjaye a Oktoban shekarar bayan ta kulle ƙasarta ruf. Mutane sun haƙura da rufe masallatai da coci-coci, sun haƙura da ɗage bukukuwa, sun binne iyayensu ba tare da an taru ba. Wanda ya jure duk wannan ba ya neman shugaba ma'asumi. Abin da ya tunzura shi shi ne ranar da ya gano cewa dokar da ta hana shi riƙe hannun mahaifiyarsa a asibiti ba ta hawa kan waɗanda suka rubuta ta.

Ranar 17 ga Afrilun 2021 aka yi jana'izar Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, a Windsor da ke Birtaniya. Doka ta ƙayyade mutum 30 ne kawai za su halarta. Duniya ta ga Sarauniya Elizabeth, tsohuwa mai shekara 94, sanye da baƙin takunkumi, zaune ita kaɗai a kan bencin coci, babu ɗa ko jika kusa da ita, tana bankwana da mijin da suka yi shekara 73 tare. Daga baya aka gano cewa a daren da ya gabaci wannan rana ma'aikatan ofishin firaminista suna can Downing Street suna shagali da barasa har bayan tsakar dare. Kuma ba wannan ne karo na farko ba. 'Yan sanda sun ci tarar mutum 83 a kan taruka daban-daban da aka yi a ofisoshin gwamnati, ciki har da firaminista Boris Johnson da ministan kuɗinsa Rishi Sunak. Johnson kuwa ya riga ya tsaya gaban majalisa a Disamban 2021 ya ce an bi ƙa'idoji sau da ƙafa. A Yunin 2023 kwamitin majalisar ya yanke cewa da gangan ya yaudare ta.

Wanzami ba ya son jarfa. A Peru, a Fabrairun 2021, asiri ya tonu cewa mutum 487 sun karɓi allurar Sinopharm a ɓoye tun kafin ta kai ga likitocin da ke mutuwa a bakin aiki. Cikinsu akwai tsohon shugaban ƙasa Martín Vizcarra da ministar lafiya da ministar harkokin waje. Wannan a ƙasar da daga baya ta zama kan gaba a duniya wajen yawan mamata idan aka kwatanta da yawan jama'arta.

Sai kuma sata, wadda ita ce ta fi ci mini rai, domin satar kuɗin annoba kisan kai ce da ba a ganin jini. Dokar gaggawa ta ba gwamnatoci damar ba da kwangila ba tare da tallata ta ba, abin da hankali zai ɗauka a lokacin da ake neman takunkumi da safar hannu ido rufe. Ta wannan ƙofa ɓarayi suka shiga. A Zimbabuwe an kama ministan lafiya Obadiah Moyo a Yunin 2020 kan kwangilar dala miliyan 60, aka sallame shi daga aiki, sannan cikin Yulin shekarar aka kama ɗan jarida Hopewell Chin'ono da ya taimaka wajen fallasa maganar. A Najeriya jama'a sun fasa rumbunan ajiya a Oktoban 2020 suka tarar da kayan tallafin korona jibge, wata da watanni bayan dokar kullen da ta jefa talakawa cikin yunwa. A makonnin farko na wannan kulle, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasar ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18, lokacin da adadin waɗanda cutar ta kashe a hukumance bai kai haka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Afirka ta Kudu ministan lafiya Zweli Mkhize ya yi murabus a Agustan 2021 kan kwangilar rand miliyan 150 da aka ba wani kamfanin makusantansa, ko da yake ya musanta aikata laifi. Cikin watan ne kuma aka harbe Babita Deokaran, babbar jami'ar kuɗi a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng, a ƙofar gidanta da ke Johannesburg, tana dawowa daga kai 'yarta makaranta. Shaida ce a binciken badaƙalar kayan kariya, kuma ta hana a biya wasu kuɗaɗen da ta ga alamar rashin gaskiya a cikinsu. A 2023 mutum shida suka amsa laifi aka ɗaure su, ba tare da shari'ar ta bayyana wanda ya aiko su ba. Duk mai cewa a manta da abin da ya wuce, ya tuna cewa akwai wadda ta ba da ranta don kada a manta.

Ɓoye gaskiya ma ya kashe mutane. Li Wenliang likitan ido ne a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ya gargaɗi abokan aikinsa a ƙarshen Disamban 2019 game da wata sabuwar cuta, 'yan sanda suka kira shi suka sa ya sa hannu a takardar jan kunne kan yaɗa jita-jita. Ranar 7 ga Fabrairun 2020 cutar ta kashe shi. A Burazil shugaba Jair Bolsonaro ya kira ta 'yar mura, ya sauya ministan lafiya sau uku, har ma'aikatar lafiyarsa ta daina wallafa jimillar mamata a Yunin 2020 sai da Kotun Ƙoli ta tilasta mata. A Janairun 2021 iskar oksijin ta ƙare a asibitocin Manaus, 'yan uwan marasa lafiya suka riƙa bin layi da tukwanen iska a kafaɗa suna neman inda za a cika musu, a ciki kuma majinyata na shaƙewa. Indiya ta ba da adadin mamata ƙasa da rabin miliyan zuwa ƙarshen 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta miliyan 4.7, gwamnati ta yi fatali da ƙiyasin.

To, me duk wannan fushi ya haifar? Idan ka tsaya a kanun labarai za ka ce ya yi aiki, tunda ministoci sun sauka, gwamnatoci sun faɗi. Matsa kusa ka gani. Majalisar dattawan Burazil ta yi wata shida tana bincike, a Oktoban 2021 ta ba da shawarar a tuhumi Bolsonaro da laifuka tara, ciki har da cin zarafin bil Adama. Ofishin babban mai gabatar da ƙara ya nemi a jingine akasarin tuhume-tuhumen. A zaɓen 2022 da ƙyar abokin hamayyarsa Lula da Silva ya kayar da shi, da ratar da ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, a ƙasar da ta rasa mutum kusan 700,000. Janar Eduardo Pazuello, ministan lafiya lokacin bala'in Manaus, ya ci kujerar majalisar tarayya a zaɓen da ƙuri'u masu ɗimbin yawa. A Mongoliya firaminista Khurelsukh ya yi murabus a Janairun 2021 bayan zanga-zangar da ta biyo bayan bidiyon wata mai jego da aka fitar daga asibiti cikin tsananin sanyi da rigar barci da silifa, za a kai ta wurin killacewa. Bayan wata biyar aka zaɓe shi shugaban ƙasa. Shi kansa Johnson wata badaƙalar daban ce ta ƙarasa kayar da shi a Yulin 2022.

Murabus abu ne mai kyau, amma sau da yawa hanya ce ta rufe littafi kafin a karanta shi. Minista ya sauka, hankalin jama'a ya kwanta, takardun kwangila su ci gaba da zama a kulle.

Akwai ma abin da ya fi wannan haɗari. A Tunisiya, bazarar 2021 ta zo da mace-mace masu yawa da asibitocin da suka cika maƙil. Ranar 25 ga Yuli jama'a suka fito kan tituna cikin fushi, kuma suna da hujja. A daren ranar shugaba Kais Saied ya kori firaminista ya dakatar da majalisa, mutane suka fito suna murna. Bayan shekara guda ya kawo sabon kundin tsarin mulki da ya tattara iko a hannunsa, daga baya shugaban majalisar da aka rushe da 'yan adawa da dama suka tsinci kansu a kurkuku. Mutanen da suka fito neman a amsa musu tambaya sun ƙare a ƙarƙashin mulkin da tambayarsa ta fi wuya. Haka fushi yake idan bai sami kotu ko majalisa ko kwamitin binciken da zai karɓe shi ba, wani mai wayo yana nan a gefe yana jiran ya ɗauka.

Saboda haka nake ganin abin da ya kamata jama'a su nace a kai shi ne bincike a bainar jama'a, mai ikon tilasta wa kowa ya bayyana ya yi rantsuwa ya kawo takardu. Birtaniya ta kafa irinsa ƙarƙashin tsohuwar alƙaliya Heather Hallett, kuma ba don gwamnati na so ba. Iyalan mamata ne suka haɗa ƙungiya suka yi ta matsa lamba, su ne suka zana dubban jajayen zukata a bangon da ke fuskantar majalisa a gaɓar kogin Thames, kowace zuciya a madadin mutum guda. Da binciken ya nemi saƙonnin WhatsApp na Johnson ba tare da an goge komai ba, gwamnati ta garzaya kotu don ta hana, ta kuma sha kaye a Yulin 2023. Rahoton farko da ya fito a Yulin 2024 ya ce ƙasar ta yi shirin annobar da ba ita ba, ta shirya wa mura, kuma gwamnati ta gaza wa 'yan ƙasarta. Binciken yana da tsada, yana da jan ƙafa, ba ya ɗaure kowa. Duk da haka ya sa manya sun zauna gaban marayu da zawarawa suna amsa tambaya a kan ranar da suka sani da ranar da suka ɗauki mataki. Peru ma, duk da abin kunyarta, ta yi abin a yaba a ƙarshen Mayun 2021: ta sake ƙirga mamatanta ta ɗaga adadin daga kusan 69,000 zuwa sama da 180,000.

Wasu na cewa idan aka riƙa titsiye shugabanni haka, gobe ba wanda zai yi ƙarfin halin yanke shawara cikin gaggawa. Na fahimci tsoron, amma bincike na gaskiya shi ne kariyar shugaban da ya yi kuskure da zuciya ɗaya, domin takardu za su nuna shawarar da aka ba shi da dalilin da ya sa ya bi ta. Wanda takardu ke tsorata shi ne wanda ya ba ƙaninsa kwangila ko ya goge adadi. Idan ba a yi bincike ba, jama'a za su yi musu kuɗin goro, mai gaskiya da ɓarawo duk su zama ɗaya a idonsu.

Kuma wannan rashin yarda yana da farashi da ake biya da rayuka. Yaƙi da annoba ya dogara ne a kan mutum ya yarda ya kai ɗansa asibiti, ya faɗi waɗanda ya yi hulɗa da su, ya miƙa hannu a yi masa allura. A gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, lokacin annobar Ebola, hukumar zaɓe ta hana mutanen Beni da Butembo kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa na Disamban 2018 da sunan gudun yaɗuwar cutar. Jama'ar da dama ba su yarda da gwamnati ba suka ƙara tabbatar wa kansu cewa cutar makircin siyasa ce. Aka riƙa kai hari kan cibiyoyin jinya, aka kashe wani likitan Hukumar Lafiya ta Duniya a Butembo a Afrilun 2019, annobar ta ja har tsakiyar 2020 ta ci mutum sama da 2,200. Ministan lafiyar da ya jagoranci yaƙin a farko, Oly Ilunga, an ɗaure shi shekara biyar kan karkatar da kuɗin Ebola.

A Mayun 2025 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba a taron Hukumar Lafiya ta Duniya. Mataki ne mai amfani, sai dai hukumar ba ta da ikon tilasta wa wata gwamnati ta buɗe littattafanta. Wannan aikin yana wuyan majalisu da masu binciken kuɗin gwamnati da 'yan jarida da iyalan waɗanda suka rasu. A kowace ƙasa akwai ɗan majalisar da zai iya tashi gobe ya nemi a wallafa sunayen kamfanonin da aka ba kwangilar gaggawa a 2020 da masu su da abin da suka kawo, a kwatanta rajistar maƙabartu da adadin da ma'aikatar lafiya ta bayar, a kuma faɗi sunan jami'in tsaro ko guda da aka hukunta kan kisan da aka yi da sunan dokar kulle. Takardun suna nan, mutanen da suka sa musu hannu ma akasarinsu suna raye, wasunsu har suna neman ƙuri'a.