Satifiket bakwai, amma ka kasa karanta layi ɗaya

Waɗanda muke gurup ɗaya kun ga abin da ya faru daren jiya: manhajar da wani yaro ya rubuta ce ta ba da matsala. Yaron ba shi da laifi sosai. Laifin na masu tafa masa ne, masu kiransa "injiniya" don ya jera satifiket bakwai na Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a shafinsa.

Manhajar haɗa sakamakon ɗalibai ya rubuta wa wata makaranta, sai aka ga sunaye suna ɓacewa daga fayil. Ya rantse kwamfutarsu ce ke da cuta. Na ce turo min. Ina buɗewa sai ga try a sama, except: pass a ƙasa. Wato ya ce wa Python duk matsalar da ta gani ta yi shiru ta wuce. Ai kuwa ta yi shiru. Na cire layukan nan, nan take ta faɗi damuwarta: UnicodeEncodeError, wato ta ci karo da harafin da ta kasa rubutawa a fayil. Ya buɗe fayil a Windows bai sa encoding="utf-8" ba, wato tsarin da ke karɓar haruffa irin namu, don haka duk ɗalibin da ke da ɗ ko ƙ ko ɓ a sunansa an watsar da shi a hanya. Bahaushe ya rubuta manhajar da ba ta karɓar sunan Bahaushe. Madalla da injiniya!

Abin da nake ta faɗa ke nan: tsakanin ɗan koyo da gwani akwai karanta kuskure. Jan rubutun nan na saƙon kuskure da kuke gudu, shi ne malamin. Daga ƙasa ake fara karanta shi, layin ƙarshe ya gaya maka irin matsalar, na samansa ya nuna maka fayil da lambar layi. Wanda bai iya wannan ba, ko ya haddace class da decorator da yield, hadda ce kawai.

Za ku ce ai bidiyo ma na koyarwa. Eh, yana koya maka for da if. Amma mai bidiyon ya riga ya yanke duk wurin da abin ya lalace masa, kai kuma kana kallo kana gyaɗa kai. Ku je Ƙofar Ruwa ku tambaya ko akwai yaron da ya zama bakanike da kallon oga yana kwance inji. Za ku ce ChatGPT na nan. Yana nan, to in ya ba ka gyara, da me za ka gane daidai ne?

Wallahi ba raini nake yi ba, ƙannena. Ni ma na kwana biyu ina fama da lambar Python 2 da na kwafo daga intanet, ban san print ya koma buƙatar baka biyu ba, ga shi a rubuce a gabana na ƙi karantawa. Tun 1 ga Janairu 2020 aka daina kula da Python 2, har yau wasu na kwafo irinta. Ka rubuta abu naka, ka bai wa mutum na gaske ya yi amfani da shi, ya lalace, ka zauna ka karanta dalili.

Af, tunda an zo kan haruffa: don Allah ku sa Hausa a Gboard ɗinku, wato madannin rubutu na waya. Jiya wani ya rubuto min "na kasa" sai da na kira shi kafin na gane na ƙasa yake nufi.