Ƙanenka da ke riƙe maka kalangu, ka biya shi

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana na gidajen kiɗa, na Garwa da Marwa da Ngawundare, har da waɗanda neman abinci ya kai Yawunde da Duwala. Maganar kuɗi zan yi, wadda aka fi ƙin ji tsakanin 'yan'uwa.

A 'yan shekarun nan gidaje da dama da kiɗa ya riƙe tun kaka da kakanni sun ɗaiɗaice a kan idonmu. Wa ba ya amsa gaisuwar ƙane, ɗan baffa ya hango ɗan baffa a kasuwa ya sake hanya. Ka tambayi mutanen unguwa, su ce hassada ce, ko jifa aka yi, ko matar wane ce ta shiga tsakani. Amma ka samu kowanne shi kaɗai, ka bar shi ya yi ta zuba har ya gaji, duk inda ya zaga nan zai dawo: tare aka je biki, tare aka sha rana da sanyi, mutum ɗaya ya wuce da kuɗin.

Kafin in fara faɗa, bari in tuna muku abin da ke hannunku, don wasunku ba su san darajarsa ba. Yaron gidan makaɗa ba ya iya tuna ranar da ya fara koyo. Gwangwanin tumatir yake bugawa a zaure ana yi masa dariya, sai a rataya masa kuntuku, in hannu ya faɗa a ba shi ɗan karɓi, sai an ɗau shekaru kafin a bar shi ya saƙala babban kalangu a hammata. Duk tsawon lokacin nan a bayan wansa yake tsaye. Ya san inda numfashinsa ke ƙarewa, ya san in ya ɗaga gira waƙa zai sauya, ya san in sunan kakan ango ya shige masa sai a ja kiɗan a ba shi wuri ya tuno, ba wanda ya lura a cikin taro. Wannan ba a sayensa a kasuwa. Ka ɗauko gwanin makaɗi daga wani gida ka biya shi ko nawa ne, za ku jima kafin ya san ka haka. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da muka taso muna jin kaset ɗinsa a shagunan unguwar Hausare, ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa da wansa kafin duniya ta san sunansa, shi ma kuma 'ya'yansa suka tsaya a bayansa. Ka saurari yadda amshinsu ke karɓe waƙa daga bakinsa, za ka gane abin da nake faɗa.

To me ya riƙe gidajen da? Iyayenmu ba waliyyai ba ne, su ma sun yi faɗansu. Amma suna da tsari, kuma a fili yake. A gidanmu, in an dawo daga biki ko ƙarfe nawa ne, ba mai kwanciya sai an shimfiɗa tabarma a zaure an kunna fitila. Yaron da aka sa tsintar liƙi ya juye jaka a tsakiya, ya zazzage aljihunsa kowa na kallo. Takardun sefa na ɗari biyar-biyar da dubu-dubu duk sun cukuikuye, wasu a jiƙe da gumin goshi, a miƙe su ɗaya bayan ɗaya a kan gwiwa, a ƙirga da ƙarfi. Tsoho ya fara fitar da kuɗin mota. Ya fitar da na gyara, domin fata na fashewa, tsarkiya na tsinkewa, majemi kuma ba ya ba da bashi sau biyu. Ya ware kason wanda ciwo ko tsufa ya hana fita, ya danne shi da gula a gefe. Sannan a raba saura. Nasa ya fi na kowa, ba a musu a kai. Mai babban kalangu na biye, sai 'yan amshi, sai yara, har mai ɗaukar kaya yana da 'yan silallansa. Wanda bai gamsu ba a nan zai faɗa, a nan za a ba shi amsa. Ko ya huce ko ya kwana da fushinsa, ya dai ga abin da aka samu da idonsa.

Babban kason nan na tsoho kuma ba na holewa ba ne. A fadar Lamido, ta Garwa ce ko ta Ngawundare ko ta Rai Buba, in an yi hawan Sallah aka busa kakaki da algaita, riga ko buhun dawa da ya fito daga cikin gida sunan shugaban makaɗa ake kira a miƙa masa, amma kowa ya san baki nawa ne ke jiran buhun. Shi ke ciyar da yaransa ran da ba biki, da watan azumi da kiɗa ke tsayawa. Shi ke yi musu aure, shi ke sayen ragon suna, shi ake buga wa ƙofa da tsakar dare in matar ɗan amshi na naƙuda. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma sun yi askin. Ku kun gaji babban kason, askin kuma kun bar shi a nan.

Na san zamani ya juya. Tun hare-haren da aka kai Marwa a watan Yulin 2015 taron dare ya ja baya a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru. Mai biki ma ya gano dije da lasifika biyu sun fi masa arha a kan makaɗa takwas masu cin tuwo. Samari suka koma sutudiyo, inda piyano da kwamfuta ke fitar da kalangu da ganga a zaune. Ba na zagin wannan, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Abin da ya fi yi wa zumunci ɓarna shi ne wayar da ke aljihu. Yau liƙi mai nauyi ba ya faɗuwa ƙasa balle yaro ya tsinta. Alhaji ya matso ya ce a ba shi lamba, ya tura ta Orange Money ko MTN, waya ta yi ƙara a cikin rigar mai waƙa, shi kaɗai ya san abin da ya shigo. Kafin alƙalami ma ta nan ya biyo tun mako biyu da suka wuce. In an tsallaka Yola ko Mubi aka samo naira, shi ke zuwa wurin 'yan canji ba rakiya, ya dawo ya ce naira ta faɗi. Ta faɗi ɗin, kowa ya sani, amma nawa aka canza?

Washegari ƙane ya zo yana sosa ƙeya: "Hamma, yaya maganar jiya?" A ce masa, "Haba, ni da kai har sai an yi lissafi? Riƙe wannan ka sha shayi." A miƙa masa dubu biyu, shi da ya tsaya tun la'asar har kiran assalatu, kafaɗa ta sage, hannu ya yi kanta. Ba zai ƙara cewa uffan ba, kunya ba za ta bar shi ba. Zai koma gida matarsa ta tambaye shi kuɗin cefane, jibi kuma ya ga wansa ya sauya babur. Baren da kuka ɗauko ya buga piyano kuwa an biya shi cif tun bai haɗa wayoyinsa ba, don shi ba ya jin nauyin kowa.

Na san amsar da za ka ba ni. Sunanka ake kira, kai ka biya sutudiyo, kai ke bin masu biki da waya, kai ake zagi in an makara. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ka raba daidai wa daida. Ka cire abin da ka kashe, ka ɗauki kason gaba, amma a gaban mutane.

Ban zo ba da fatawa kan kiɗa ba, malamai na nan, kowa ya san wanda yake bi. Sai dai ban taɓa jin malamin da ya halatta cin gumin wani ba, na Izala ne ko na ɗariƙa. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, bai ce ban da ƙane ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. In Allah ya ce a rubuta tsakanin muminai, wane ne kai da za ka ce rubutu tsakaninka da ɗan'uwanka rashin yarda ne? Don haka ka faɗi kason kowa tun a gida, kafin a hau mota. In an dawo ka ajiye wayar a kan tabarma kusa da jakar liƙi, ka buɗe saƙonnin a karanta. In akwai wanda aka turo maka kai kaɗai saboda wata alaƙa, ka faɗa, ba mai hana ka, ɓoyon ne ke haifar da zargi. Ku sayi littafi na ɗari biyar, yaro ɗan makaranta ya riƙa rubuta rana da gari da abin da ya shigo.

Sai maganar waƙar kanta, wadda ta fi ta liƙi nisa, domin abin da aka ɗauka a sutudiyo yana nan bayan ranka. Kamaru na da dokar haƙƙin mallaka tun Disambar 2000, akwai kuma SONACAM da ke rajistar ayyukan mawaƙa. Ko kuna ganin abin da ke fitowa daga can bai taka kara ya karya ba, takardar da aka cika ita ce shaida ran da gardama ta tashi. Da yawanku in za su cika, sunansu kaɗai suke sawa: shi ya tsara, shi ya rera, shi ya yi kiɗa. Alhali amshin ƙane ne ya ƙago shi, karin kuma na kakanku ne, da shi ya yi wa mahauta kiɗa tun jirgin ƙasa bai iso Ngawundare a 1974 ba. Waƙar kaka gado ce, gado kuwa da magada. Ka je ka durƙusa gaban Baffa ka ce kana so ka sabunta ta. Da wuya ya ƙi. Galibi har ya gyara maka baitin da ka karkatar, ya gaya maka wa aka yaba a ciki, wa aka yi wa zambo, don kada ka je ka rera zambon da aka yi wa wani a bikin jikansa kana murmushi. Shafin YouTube ko TikTok da aka buɗe da sunan gida shi ma kada lambar sirrinsa ta zauna a kan mutum ɗaya.

'Yan'uwa mata kuwa su aka fi cuta, don su ko "yaya maganar jiya" ba sa cewa. A kira Adda ko ƙanwa ta yi amshi, muryarta ce ma ke ɗaukar waƙar, a sallame ta da kuɗin babur. Ta yi aure ta tafi Gidar ko Kusuri, waƙa na ta yawo a wayoyi, ba sunanta ba kasonta, wani sa'in har da rigima a gidan miji don ba a nemi izini ba. Ka tambaye ta, ka tambayi iyayenta ko mijinta, ka biya ta yadda za ka biya baƙuwa. In ba ta son a sa sunanta wannan ra'ayinta ne, kuɗin dai a kai mata har ɗaki.

Ku kuma na baya, kada ku ɗauka na wanke ku. Akwai wanda ba ya zuwa gwaji, sai ranar biki ya ɓullo da sabon ɗinki, kalangunsa ya saki don ya bar shi a ɗaki mai laima duk damina, an fara waƙa shi yana neman wutar da zai gasa fata. Akwai mai karɓar biki a ɓoye, ya sulale da kayan gida ya tafi da abokai, ya je ya zubar da sunan da kakanni suka tara. Akwai mai shan abin da ke sa hannu ya riga waƙa gudu, kun san abin da nake nufi, tiramol ya ci makaɗa da yawa a garuruwan nan. Irin wannan in ya zo neman kaso daidai da na mai zuwa kullum, shi ma gumin wani yake so ya ci. In kuma da gaske an cuce ka, Facebook ba zaure ba ne. Kana hawa kai tsaye kana tona asirin wanka, 'yan kallo na zuga ka, gobe su koma wani shafin, ku kuwa uwa ɗaya za ku je gaisarwa ranar Juma'a. Ka kai ƙara wurin Baffa ko Kawu, in abin ya fi ƙarfinsu akwai sarkin makaɗa, a kira shi a zauna.

Wani lokaci kuma rabuwar ce alheri. Ƙane ya girma, muryarsa ta nuna, waƙoƙi na cin sa a ciki, ba zai dawwama a amshi ba. Iyayenmu sun san da wannan. Yaro ya zo ya nemi sallama, a sa masa albarka, a haɗa shi da yaro ɗaya ko biyu, har a riƙa tura masa ƙananan bukukuwa ya samu ya kafu. Kai wa, in ka ga alama ka riga shi faɗa, kada ka jira sai ya gudu da dare ka ce ya ci amana. Kai ƙane, ka fita ta ƙofa. Ka gama bukukuwan da aka riga aka karɓi kuɗinsu da kai a lissafi, kada ka janye 'yan amshin gida ta ƙarƙashin ƙasa, kada waƙarka ta farko ta zama habaici ga wanda ya koya maka riƙon gula. Ku daidaita a kan waƙoƙin gida, waɗanne kowa zai iya rerawa a nasa taron, waɗanne sai an haɗu. Tsofaffin kalangan kaka su zauna inda suke, a hannun wanda ke sake musu fata. Mai tafiya a raka shi wurin masassaƙi a fafe masa nasa kangon, a biya daga kuɗin gyara.