Macijin Izumo da macijin Kusugu

Jafanawa suna da labarin wani baƙo da ya sauka a wata ƙasa, ya tarar maciji ya addabi mutanenta, ya kashe shi, aka ɗaura masa aure, zuriyarsa ta mulki ƙasar. Duk Bahaushen da ya ji haka zai ce ai Bayajidda ne. To ba shi ba ne. Sunansa Susano'o, ɗaya daga cikin ababen bautar addinin Shinto da suke kira kami, ƙanin Amaterasu wadda suke dangantawa da rana. Labarinsa yana rubuce tun shekarar 712 a littafin Kojiki.

An koro shi daga sama saboda ɓarnar da ya yi wa yayarsa, ya sauko ƙasar Izumo a bakin kogin Hii. Nan ya iske tsoho da tsohuwa suna kuka, 'yarsu a tsakaninsu. 'Ya'ya mata takwas suka haifa, kowace shekara wani maciji mai kai takwas da wutsiya takwas, Yamata no Orochi, sai ya zo ya haɗiye ɗaya, har ya rage saura Kushinada ita kaɗai. Susano'o ya sa aka dafa giya mai ƙarfi aka cika randuna takwas. Macijin ya tsoma kowane kai a randa guda, ya sha ya bugu ya kwanta, shi kuwa ya sassare shi. A cikin wutsiyar ya tsinci takobi. Takobin nan, Kusanagi, yana cikin kayan sarauta uku na gidan sarkin Jafan, kuma sun ce yana ajiye a wurin bauta na Atsuta da ke Nagoya.

Ni Musulmi ne, kuma zaman da nake yi a yammacin Jafan bai taɓa min tauhidi ba. Idan abokan aiki suka tsaya gaban wurin bautarsu suna sunkuyawa suna tafa hannu, nakan ja gefe in jira su, ba wanda ya taɓa ganin laifina. Maganata a kan abin da suka yi da labarin ce, da abin da mu muka yi da namu.

A yankin Iwami na lardin Shimane, idan kaka ta yi, ana kwana ana wasan da suke kira kagura, kuma kisan Orochi ne ake rufe dare da shi. Na gani da idona. Gangar jikin macijin da gora da takardar gargajiya ake yinta, tsawonta ya kai mita 17, mutum ɗaya ne a ciki yake naɗe ta yana warware ta, bakin yana feshin tartsatsi. Ganga na tashi, sarewa na bin ta. Yara suna zaune daf da dandali, lulluɓe da barguna saboda sanyi, sun san inda jarumin zai fille kai na farko tun kafin ya ɗaga takobi. Masu wasan kuma yawanci mutanen gari ne, manoma da ma'aikata, suna atisaye bayan an tashi aiki. Wannan wasa ɗaya ya riƙe mai yin takarda, da mai ɗinkin kayan ado, da mai sassaƙa fuskoki.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda masanansu suka tona labarin. Da yawansu suna ganin macijin nan kogin Hii ne kansa, mai rassa da yawa, wanda yakan yi ambaliya ya cinye gonakin shinkafa. Takobin da ya fito daga wutsiya kuwa, yankin Izumo ya daɗe da suna wajen narka ƙarfe daga yashin duwatsu da kogunansa. An daɗe wasu na ɗaukar girman Izumo a matsayin tatsuniya kawai, sai a 1984 aka tono takubban tagulla 358 a jere a wuri ɗaya, a Kojindani. Ashe a ƙarƙashin almarar akwai ruwa, akwai ƙarfe, akwai mulki.

Yanzu a dubi namu. Macijin rijiyar Kusugu ruwa ya hana mutanen Daura, sai ranar Juma'a kaɗai ake ɗiba. Wuƙar da Bayajidda ya kashe shi da ita maƙeran Gaya ne suka ƙera masa. Su waɗannan maƙera, Abagayawa, su ne tarihin baka ya ce sun zo gindin Dala neman tama, kuma binciken ƙasa ya nuna ana narka ƙarfe a can tun wajen ƙarni na 7. Ruwa da ƙarfe ke nan, kamar na Izumo. Ban ce wani ya ara daga wani ba, nisan ya yi yawa. Amma namu labarin ma yana ɗauke da tarihin yadda garuruwanmu suka kafu: wa ke iko da rijiya, wa ke iko da maƙera, yaya sarauta ta tashi daga hannun sarauniyoyi ta koma hannun maza. Daurawa sun yi ƙoƙari, rijiyar tana nan a killace ana ziyartarta. Amma a tara yaran firamare a Kano a tambaye su wane ne Barbushe, shugaban matsafan Dala na dā, mece ce Tsumburbura, abin bautarsu, a ga nawa za su amsa. Dutsen Dala yana tsakiyar birni gidaje sun matse shi, ganuwar kuma kullum ana gutsurarta.

Na san abin da za a ce min, kuma ba maganar banza ba ce: wannan kayan jahiliyya ne, Allah ya raba mu da shi, me ya kai mu tono shi? Jafanawa har gobe bauta suke yi, mu kuwa mun bari, kuma alhamdulillahi da muka bari. Sai dai sanin abu daban, bauta masa daban. Alƙur'ani ya ambaci Lata da Uzza da Manata da sunayensu. A zaurukan malamanmu ana karanta waƙoƙin mawaƙan jahiliyya don a ƙware a Larabci, ba wanda imaninsa ya girgiza. Labarin Barbushe kansa, da ba don wani malami Musulmi ya zauna ya rubuta tarihin Kano da Larabci ba, da bai iso gare mu haka ba. Magabatanmu ba su ji tsoron sani ba. Tsoron nan sabo ne.

Kuma kada a ɗauka komai na Jafanawa a nan abin yabo ne. Daga 1868 gwamnati ta kama waɗannan labarai ta mayar da su makamin siyasa. Aka riƙa koya wa yara a makaranta cewa sarki jinin Amaterasu ne, kamar tarihi tabbatacce, kuma da wannan aƙida aka tura matasa yaƙi, aka zalunci Koriya da Sin. Sai da aka ci su a 1945, sannan a ranar 1 ga Janairun 1946 Sarki Hirohito ya fito da sanarwar cewa shi ba abin bauta ba ne. Mu ma muna da namu hatsarin. Rabon Hausa Bakwai da Banza Bakwai, idan aka karance shi a matsayin hukunci a kan wane ne ɗan asali, raina maƙwabta zai haifar, Nufawa da Jukunawa da Kabawa da sauransu. Shi ya sa nake so malamin tarihi ne zai koyar da shi, yana nuna wa yaro inda almara take da inda hujja take.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. A sa labarin Kusugu da na Dala a darasin firamare da Hausa, a kai yara su hau dutsen su leƙa rijiyar. A killace abin da ya rage na ganuwa. Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Katsina da Damagaram su samu kuɗin tono a Gaya da Daura da kufan tsoffin birane, a je wurin tsoffin maƙera da masu kirari a naɗi abin da ke bakinsu tun suna raye.