Luton Town: dalilin da ya sa 2014 ta fi musu 2023 daɗi

Jama'a, duk wanda ya san Luton Town a gidajen kallonmu ya san ta ne a matsayin 'yar ƙaramar ƙungiyar nan mai riga ruwan goro da ta leƙo Firimiya a 2023, ta yi kaka ɗaya ta koma inda ta fito. 'Yan Arsenal ba za su manta da ita ba, don sai a daƙiƙar ƙarshe Declan Rice ya sa kai suka tsira da 4-3. Liverpool ma da ƙyar ta ƙwaci kunnen doki a gidan Luton, Brighton kuwa 4-0 ta kwasa, Elijah Adebayo, ɗan asalin Najeriya, shi kaɗai ya zuba uku. Sai mutum ya ɗauka ai wannan ce kakar da 'yan Luton za su riƙa ba jikokinsu labari. To ka zauna da tsofaffin magoya bayansu a garin, waɗanda furfura ta cika wa kai, ka tambaye su kakar da suka fi kewa. Da yawansu 2013/14 za su ce maka, shekarar da suka fito daga rukuni na biyar, suna kara da ƙungiyoyin da ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Ni dai ina bayansu a wannan, ko da yake akwai inda zan ja da su.

Ƙwallon ƙwararru a Ingila hawa huɗu ne: Firimiya, Championship, League One, League Two, ƙungiyoyi 92 ke nan. Ƙasa da su sai Conference, wadda yanzu ake kira National League. Nan ne ainihin gasar 'yan dagaji. A lokacin, wasu 'yan wasan da ke cikinta da rana suna wurin aikinsu na neman abinci, da yamma su zo atisaye. Kuma ƙofar fita ƙarama ce ƙwarai: cikin ƙungiyoyi 24, wadda ta zo ta ɗaya ce kawai ke haurawa kai tsaye, sai guda ɗaya tak ta hanyar wasan cike gurbi.

Luton ba 'yar can ba ce. An kafa ta a 1885. A 1988 ta doke Arsenal 3-2 a Wembley ta ɗauki kofin League Cup, Brian Stein ya ci biyu. Shekara goma ta yi a jere a babban rukuni, ta faɗo a 1992, daidai lokacin da za a buɗe Firimiyar da ita ma ta sa hannu aka ƙirƙira. Daga nan sai rikicin shugabanci da bashi. Ta faɗo a 2007, ta sake faɗowa a 2008 zuwa League Two bayan an zaftare mata maki 10. Sannan aka yi mata mai gaba ɗaya: kafin a buga wasa ko ɗaya a kakar 2008/09, aka cire mata maki 30. Hukumar FA ta cire 10 saboda kuɗin da tsofaffin shugabanni suka biya dillalan 'yan wasa ta bayan fage, hukumar gasar kuma ta cire 20 saboda yadda ƙungiyar ta fita daga hannun masu kula da bashi ba tare da cika sharaɗin yarjejeniya da masu binta ba. Waɗanda suka yi ɓarnar sun riga sun kama gabansu. Sababbin masu ƙungiyar, waɗanda magoya bayanta ne da suka haɗa kuɗi suka ceto ta, su aka bari da jidali. Abin da ya sa ke nan har yau akwai ƙyalle rataye a filinsu da ke cewa an kafa su a 1885, FA ta ci amanarsu a 2008.

A fili sun tara maki 56 a waccan kakar, wanda da ya ajiye su a tsakiyar teburi lafiya lau. A takarda 26 aka rubuta. Ranar 5 ga Afrilun 2009 suka cika Wembley da mutum wajen 40,000, suka ci Scunthorpe 3-2 suka ɗaga kofin ƙananan rukunai. Bayan kwana takwas aka tabbatar sun fita daga jerin 92, bayan shekara 89 a ciki.

Kowa ya ɗauka shekara ɗaya za su yi su dawo. Biyar suka yi. Kuma ba zaman ne ya fi ciwo ba, yadda ake kai su bakin ƙofa a rufe ne. A 2010 York City ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe na cike gurbi. A 2011 suka kai wasan ƙarshe da AFC Wimbledon a filin Manchester City, aka tashi babu ci, aka je fenariti, Alex Lawless da Jason Walker suka ɓarar, Wimbledon ta wuce. A 2012 suka sake kai wa, a Wembley, Andre Gray ya ci musu tun ba a yi minti biyu ba, York ta farke ta ƙara, kuma ƙwallon da Matty Blair ya ci ta biyun satar gida ce da ko makaho ya gani, mai tuta bai ɗaga ba. A 2013 ko cike gurbin ba su samu ba, na bakwai suka ƙare. Abin dariya, a watan Janairun wannan shekarar ne suka je har gidan Norwich, wadda ke Firimiya, suka ci ta 1-0 a kofin FA. Duniya ta yi ta yabo, su kuwa ba abin da ya dame su ke nan ba. Mutumin da ke son ya fita daga rami ba tafi yake nema ba.

Sai aka kawo John Still a Fabrairun 2013, dattijo daga Dagenham & Redbridge wanda ya san wannan rukunin ciki da bai. Ba ya surutu, ba ya cika baki, kullum maganarsa kada a yi ɗoki in an ci, kada a karaya in an sha kashi. Ya tsefe ƙungiyar ya sake ɗinkawa. Mark Tyler a raga, Ronnie Henry kyaftin, Luke Guttridge a tsakiya, Paul Benson da Gray a gaba. Gray ɗin nan fam 30,000 aka saye shi daga Hinckley United, kuɗin da wani ɗan wasan Firimiya ke samu kafin mako ya zagayo. Ya ci 30 a kakar 2013/14. Sai kuma Steve McNulty a baya, wanda in ka gan shi a titi da tumbinsa da furfurarsa ba za ka taɓa cewa ɗan ƙwallo ba ne. Magoya bayan abokan hamayya su yi ta yi masa ihu, shi kuwa ya tare ƙwallo da ƙirji, ya ajiye ta a ƙasa, ya miƙa wa na gabansa kamar ba da shi ake ba. Ka ambaci sunansa a gaban ɗan Luton ka ga yadda fuskarsa ke washewa. Ban ga suna yi wa wani ɗan wasan da suka saya da kuɗin Firimiya haka ba.

A ƙarshen 2013 aka aro wani yaro daga West Ham, Pelly Ruddock Mpanzu. Shi ne daga baya ya zama mutum na farko da ya tashi daga rukuni na biyar har Firimiya da ƙungiya ɗaya.

Wasa 27 suka yi a jere ba a doke su ba. Kidderminster ta sha 6-0, Wrexham 5-0, Hereford 7-0. Suka ƙare da maki 101 da ƙwallo 102, tazarar maki 19 tsakaninsu da Cambridge United da ke biye. Amma daren da abin ya tabbata, 15 ga Afrilun 2014, ba su ma da wasa. Kidderminster ce ta ci Cambridge 2-0, lissafi ya ƙare. Babu Wembley, babu wasan wuta. Mutane na zaune a gida da gidajen shaye-shaye, kunne a rediyo, ido a waya, suna jiran sakamakon wasan wasu. Wani dattijo da muka taɓa zama layi ɗaya da shi ya ce min shi ko ihu bai yi ba. Ya kashe rediyon, ya zauna a kicin, ya ɗauki waya zai kira ɗan'uwansa da suka saba zuwa fili tare tun suna yara, sai ya tuna ya rasu ana tsakiyar waɗannan shekaru biyar.

Kwatanta wannan da 27 ga Mayun 2023, ranar da suka samu tikitin Firimiya ta cike gurbi. Wembley a cike, Coventry, 1-1, fenariti 6-5, kyaftin Tom Lockyer yana kallo daga gadon asibiti bayan ya yanke jiki ya faɗi a fili. Babu mai musun cewa rana ce babba. Amma da sun faɗi a ranar, da za su koma gida da baƙin ciki na mako biyu, su ci gaba da zama a Championship, inda dama can ya fi ƙarfin aljihunsu. A 2014 kuwa, da sun sake kuskurewa, shekara ta shida ke nan, kuɗi na ƙarewa, yaran gari na komawa Arsenal da Tottenham da ke tafiyar ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasa. Na 2023 kyauta ce ta faɗo musu. Na 2014 kamar mutum ne da aka ƙwace wa gonar gado, ya yi shekara biyar yana zarya a kotu, ranar nan alƙali ya ce a mayar masa.

Akwai kuma maganar mallaka. Filinsu, Kenilworth Road, tun 1905 suke cikinsa, a unguwar Bury Park, wadda yau yawancin mazaunanta Musulmi ne 'yan asalin Pakistan da Bangladesh. Ka fito daga masallaci, ka wuce mahauta da masu sayar da atamfofin Indiya, ka karya kwana, sai ga fili a matse tsakanin gidaje. Ƙofar baƙi ta Oak Road a cikin jerin gidajen mutane take, ka shige ta ƙarƙashin bene, ka hau matakalar ƙarfe kana hango bayan gidan mutane da shanyarsu. A 2023 duniya ta gano wannan ƙofar, aka yi ta yawo da hotonta ana raha, kowa ya zama masoyin Luton na wata tara. A 2014 babu kyamarar kowa. Mutum dubu bakwai da 'yan kai da ke zuwa kallo a rukuni na biyar, su ne dai suka san zafin, su ne kuma suka sha daɗin. Har Still kan jawo wani daga cikin 'yan kallo ya shigo da'irar 'yan wasa bayan an tashi. Wa zai bar ka ka yi haka a Firimiya?

Mu nan da muke ta musu kan Madrid da Barcelona, wasunmu ma in Ronaldo ya sauya sheƙa sai su bi shi, da wuya mu gane wannan. Amma ɗan Kano Pillars na gaske ya ɗan ɗanɗana. A 2014 ɗin nan Pillars ke ɗaukar kofin gasar Najeriya karo na uku a jere. A 2022 ta faɗo, a 2023 ta dawo daga Asaba da tikiti a hannu. Ku tambayi wanda ya bi Sai Masu Gida a waccan kakar ta ƙasa ko ya ji abin da bai ji ba a shekarun kofi. Shekara ɗaya ce fa kawai. Sai ka ninka ta biyar.

Inda zan ja da 'yan Luton shi ne, kewa na wanke tarihi. Yanzu kowa cewa yake lokacin ana tare, ana ƙaunar juna, 'yan wasa na mutuwa saboda riga. Ba haka aka fara ba. A farkon kakar 2013/14 ƙwallo ta ƙi shiga raga, ana ta canjaras, kuma daga kujerun nan ne ake yi wa 'yan wasan da ake yabo yau ihu. Shekarun Conference cike suke da zagi da korar masu horarwa: Mick Harford, Richard Money, Gary Brabin, Paul Buckle, duk sun wuce kafin Still. Yanzu da ƙungiyar ta faɗo sau biyu a jere, daga Firimiya a 2024 da maki 26, daga Championship a 2025 bayan West Brom ta ci ta 5-3 a ranar ƙarshe, sai aka mayar da 2014 bulalar dukan yaran da ke fili: ai su McNulty ba haka suke ba. To su McNulty da Alfreton da Nuneaton suke wasa. Kuma kuɗin Firimiyar da wasu ke yi wa kallon abin da ya ɓata ƙungiyar, shi ne zai taimaka a gina sabon filin Power Court mai cin mutum 25,000, wanda aka shekara da shekaru ana alkawari. A Oktoban 2025 an ba Jack Wilshere aikin horarwa. In za a auna shi, a auna shi da League One da ke gabansa.

Abin da ya fi damuna ma wani ne daban. Ƙaramar ƙofar da ta tsare Luton shekara biyar har yanzu ba a faɗaɗa ta ba. A 2023 Notts County ta tara maki 107, amma da yake Wrexham na da 111, sai da ta bi ta cike gurbi ta tsira da fenariti. A kakar 2024/25 York City, wadda ta hana Luton barci sau biyu, ta tara 96 ta zo ta biyu, ta zauna, Oldham mai 73 ta haura. Daga League Two huɗu ke hawa sama, amma biyu kacal ke sauka, don haka biyu ke shigowa. Ƙungiyoyin National League sun fito da kamfe a 2025 suna neman a mayar da gurbin uku, kuma ƙungiyoyi 72 da ke sama da su ne ke da ƙuri'ar amincewa ko ƙi, alhali da yawansu tsoron faɗawa ramin suke yi. Luton na cikin masu ƙuri'ar. Na san akwai ɗan Luton da zai ce York ta daɗe a can, alhakin satar gidan 2012 ne. Na gane shi sarai. Duk da haka ina so in ga inda ƙungiyarsa za ta jefa tata.