Waƙar Amarya da Maganin Basir

Tun da Dogo ya riga ya watsa bidiyon a guruf ɗin unguwa, gara ku ji daga bakina. Abin da ya ɗauka daƙiƙa arba'in ne kacal, kuma da gangan ya yanke daidai inda na fara bayani.

Kun san Kawu zai aurar da autarsa. Kun kuma san tun da na buɗe ɗan situdiyon nan na Mabera a Sakkwato babu ɗan'uwan da ya taɓa kawo mini aiki, sai dai a zo a sha fanka a yi cajin waya a tafi. To Kawu da kansa ya kira ni, waƙar biki yake so, a sa amarya, a sa ango, a sa abokansa na kasuwa su goma sha ɗaya. Na ce an gama. Kwamfutar situdiyo cikinta 256 GB ne, ta cika har tana nuna ja, don haka na hau kabu-kabu zuwa titin Emir Yahaya na sayo estana, wato faifan ajiya da ake jonawa ta waje, mai 1 TB, na kwashe tsofaffin ayyuka na zuba a ciki, na goge muryoyinsu daga kwamfutar. Cikin abin da na kwashe har da tallan mai maganin gargajiyar nan da ke yawo da lasifika a kan mota wajen Tsohuwar Kasuwa.

Ranar ɗaukar murya lalaci ya hana ni buɗe sabon firojet a Cubase, manhajar da nake haɗa waƙa da ita. Na ce ai saitin da na yi wa mai magani ya zauna, bari in buɗe nasa, in share tarkacen ciki, in yi sebin da sabon suna a kan estana. Na yi. Da idona na ga "Bikin Gidan Kawu" ya fito a estana. Mawaƙi ya zo da 'yan amshi biyu, awa uku muna ciki, ga zafin Afrilu, an ɗauke wuta, janareta na zuƙar fetur kamar raƙumi ya iso rijiya, fanka kuma a kashe don kada makirfo ya kwashi ƙararta. Muka fito kamar an tsamo mu daga gulbin Rima. Amma waƙa ta yi, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba.

Washegari bayan la'asar Kawu ya bugo: "Taho yanzu da waƙag ga, mutane sun taru." Da mai hankali ne, da ya fitar da ita MP3 ya tura ta WhatsApp, a wuce wurin. Ni kuwa so nake manya su ga igiyoyin murya na gudu a allo, su san yaron da suke cewa yana zaman kashe wando da abin kunne a kai injiniya ne. Na zare estana, na ɗauki laftof, sai gidan Kawu a Gawon Nama.

Falon cike yake. Abokan kasuwa a kan darduma, ga kwanon fura na zagayawa, ga waliyyin ango da na fara gani ranar, mutum mai farar gemu da ba ya dariya. Bayan labule ina jin motsin mata, Inna da ƙawayen amarya duk sun kasa kunne. Dogo ya je ya aro ƙatuwar sifikar mai shayi, wadda in an kunna ta a Gawon Nama ana ji a Arkilla, ya haɗa ta da laftof ɗin, ya murɗe ta har ƙarshe. Ya kuma soka filas ɗinsa a gefe wai zai kwashi fim kafin in gama shiri.

Na buɗe firojet. Sai wani akwati ya faɗo a allo da dogon jerin sunaye, wai ba a ga waɗannan fayil ɗin ba. Gabana ya ɗan faɗi, amma nan take na gano dalili, ko in ce na ɗauka na gano. A situdiyo Windows na ba estana harafin E. A nan filas ɗin Dogo ya riga ya shige ya karɓe E, estana ta koma F. Manhaja ta je ƙofar E ta yi sallama, ta tarar da finafinan Dogo. Har juyowa na yi na yi wa dattawa lacca a kan haka, da hannu da komai, na ce ƙaramin abu ne, mu da muke harkar kullum muna gani. Waliyyin ango ya gyaɗa kai. Kawu ya dube shi irin kallon "ka ga ɗan namu".

Na danna nema, na ce ta duba cikin estana. Ta samo kiɗa. Ta samo Murya_01 har zuwa Murya_06, ta samo Amshi_01 da Amshi_02. Ta yi mini wata tambaya da Turanci, ban karanta ba na amsa mata da e, don idon mutum ashirin na kaina. Na lura igiyoyin sun yi gajeru, ba kamar na jiya ba. Na ce a raina allon laftof ne ƙarami.

Na ce, "Ranku shi daɗe, bismilla."

Kiɗa ya tashi. Kalangu ya shigo, ganga ta biyo. Daƙiƙa ashirin na shimfiɗa na bari kafin murya, kuma a cikin daƙiƙa ashirin ɗin nan na ga duniya ta yi mini daɗi. Kawu na kaɗa ƙafa. Alhaji mai goro ya ajiye ludayi yana gyara hula, don an gaya masa sunansa ne na uku. Bayan labule wata ta fara gyaran murya za ta yi guɗa. Ni kuma na harɗe hannu a ƙirji ina kallon silin.

Daidai inda mawaƙi zai ce amarya farin wata, sai wata murya mai kauri ta fasa falon:

"Jama'a! Kana zama kana jin kamar an dasa maka ƙaya? Kana shiga bayi kana kiran sunan kakanninka?"

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau, maganar ta hau kiɗan daram. Ko mawaƙin bai hau shi haka ba. Saboda haka babu wanda ya gane nan take. Alhaji mai goro ya ci gaba da kaɗa kai na ɗan lokaci, yana jiran a zo kan sunansa. Ni kaina sai da na yi kamar daƙiƙa uku hannuna a harɗe, ina mamakin yaushe mawaƙi ya sa wannan baitin.

Sai wurin amshi ya zo. Ku da kuka san tarihin tallan kun san mai magani ya ƙi biyan naira 2,000 a kira wanda zai yi muryar majinyaci, ni na shiga na yi masa kyauta. Na yi kuma da zuciya ɗaya. Na ninka muryar biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, na zuba mata amo kamar a cikin rijiya. Ita ce ta fito daga sifikar mai shayi, a gaban surukan Kawu:

"Wayyo Malam, shekara bakwai ban zauna kan kabu-kabu ba sai a karkace!"

Kawu ya daina kaɗa ƙafa. Ya juyo a hankali. "Kai. Wagga ba muryakka ba ta?"

Na yi tsalle na danna dogon maɓallin nan na tsayarwa. Bai tsaya ba. Na sake dannawa, na sake, na sake. Ashe garin rawar hannu na buɗe gurbin rubuta sunan layi, duk dannawar da nake yi fili kawai nake ƙara wa kalmar "Murya". Mai magani na ta zuba: ko na tsiro ne, ko mai jini, ko wanda ya gagari asibiti. Ni kuma daga dama da hagu ina amsa masa, "Wallahi haka ne, Malam!" Na nemi wurin rage ƙara a sifika, Dogo ya janye ta baya da ƙafa, wayarsa a sama yana ɗauka. Na fizge wayar estana gaba ɗaya, abin da kullum nake yi wa yaran situdiyo faɗa a kai. Ko a haka sai da abin da ya riga ya shiga cikin kwamfutar ya ƙarasa fita, na ji kaina ina cewa "yanzu har tsalle nake yi", sannan shiru.

Shirun nan ban san tsawonsa ba. Ina jin ƙarar fanka. Ina jin akuyar maƙwabta. Sai bayan labule wata ta kasa riƙewa, ta fashe, sauran suka bi, wadda ta shirya guɗa kuma ta ga kada shirinta ya tafi a banza, ta rangaɗa ta. Inna na ji tana cewa, "Shi ya sa yaron ga ba shi son zama in ya zo gaisuwa." Inna, wadda ta goya ni.

Waliyyin ango bai yi dariya ba. Ya ajiye carbi, ya matso, ya yi ƙasa da murya yadda kowa zai ji: "Yaro, ka kashe bai hwaɗi lamba ba."

Bari in ɗan tsaya kan Dogo, don mutane na cewa wasa ne. Wannan mutumin tun ƙaramar sallah yake riƙe da naira 3,500 tawa. Shi ya ari wayar makirfo ɗina ya kai wajen kamun wani, ta dawo an ɗaure ta da leda. Kullum yana zaune a situdiyo yana cewa FL Studio ta fi Cubase, alhali ko ganga ɗaya bai taɓa jerawa ba, iyakar iliminsa ya ga wani yaro a Kano yana amfani da ita. Ranar nan ma, ina tsaye gumi na bin ƙeyata, abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Da FL ta, da ba ta yi haka ba." Ƙarya yake. Ita ma in ba ka ware wa aiki foldarsa ba, can cikin Documents take tara duk abin da ka ɗauka, ka zare estana ka tafi ka bar murya a gida. Amma wa zai tsaya jin wannan a bakin mai shekara bakwai a karkace? Kuma har da sa wa bidiyon rubutu a ƙasa, wai "shaidar wanda ya warke". Yayarsa ma ta tura wa Inna. Zan haɗu da shi ranar ɗaurin aure.

Da dare na koma Mabera ni kaɗai, na tayar da janareta da sauran fetur ɗin jiya. Na buɗe firojet a kwamfutar situdiyo, waƙa ta tashi lafiya lau, amarya farin wata, Alhaji mai goro na uku. Na zauna ina kallonta kamar wanda aljani ya mara. Sai na buɗe Pool, inda Cubase ke jera kowane fayil da adireshinsa, na ja allon zuwa dama na karanta. Duk muryoyin jiya suna cikin kwamfutar, a C, cikin foldar Audio ta mai maganin basir. Ko ɗaya bai taka estana ba.

Ashe sebin da sabon suna takarda kawai yake ɗauka ya kai inda ka ce. Fayil ɗin firojet kamar takardar jerin kayan lefe ne: an rubuta atamfa goma, leshi biyar, suna akwati kaza, amma takardar ba atamfa ba ce. Ni na ɗauki takarda na kai Gawon Nama, akwatunan na ɗakin mai magani, don firojet ɗin nasa ne tun asali, kuma can manhaja ta ci gaba da zuba duk abin da aka ɗauka. Da na duba nauyi ma da na gane. Murya ɗaya a 24 bit da 48 kHz tana cin kusan 8.6 MB duk minti, mun yi awa uku muna ɗauka muna sakewa, amma abin da ke cikin "Bikin Gidan Kawu" ko hoton waya ɗaya bai kai ba. Sunayen kuwa, tun da na goge tsofaffin muryoyin daga foldar, sai ta sake ƙirga daga Murya_01. Na mai magani na kwance a estana da suna iri ɗaya sak. Na ce ta nemo Murya_01, ta nemo. Tambayar da ta yi mini da Turanci ina jin ƙoƙarin cetona take yi.

Kuma foldar nan ta mai magani, Juma'a na yi niyyar goge ta gaba ɗaya, tun da a sanina fanko ce.

Na yi bakof ɗin firojet zuwa sabuwar folda a estana, wanda shi ne ke tattara takarda da akwatuna wuri guda, ya kuma mayar da wurin ɗauka can. Na ɗauki "gwaji, gwaji" na leƙa na ga ya faɗa inda ya dace. Na shiga wurin sarrafa faifai na Windows na canja wa estana harafi zuwa S, a kwamfutar da laftof duka, don sai Dogo ya soka filas fiye da goma kafin ya iso can. Sannan na fitar da MP3 na tura wa Kawu ƙarfe ɗaya saura. Alama ta nuna ya saurara. Bai ce komai ba.

Da safe ya aiko yaro da rabin kuɗi, da saƙon wai a mayar da Alhaji mai goro na biyu, a kuma cire wani da suka ɓata jiya da dare. Waliyyin ango ya kira ni sau biyu, ban san wa ya ba shi lambata ba, ya ce ba don kansa ba ne, wani abokinsa ne. Na ba shi. Mai magani kuma har yanzu akwai cikon naira 4,000 da bai biya ni ba na tallan, na kira shi in gaya masa na samo masa kasuwa a Gawon Nama, wayar a kashe.