Masu Rubuta Labarin Wasanni, Ku Koyi Karanta Agogon Ninkaya

Jan hankali ne ga matasanmu masu shafukan wasanni a Facebook da masu gabatar da shiri a rediyo. Ƙwallo kam kun iya ta, babu mai ja da ku. Ɗan wasan Arsenal ya yi targaɗe a atisaye, kafin la'asar kun fitar da labari uku. To ku tambayi kanku, layi nawa kuka ba Ahmed Hafnaoui, matashin Tunisiya ɗan shekara 18, ranar da ya ci zinare a ninkayar mita 400 a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021?

Uzurin da aka saba kawowa shi ne jama'a ba sa so. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: ƙwallo duk mako ake bugawa, masu talla ita suke bi, manyan gasannin ninkaya kuwa jefi-jefi suke zuwa. Amma wanda ya ga yadda ake cika bakin ruwa a bikin Argungu ba zai ce mutanenmu ba su damu da gwanin iyo ba. Matsalar tana wurin mai rubutu. Ya ga lokacin Hafnaoui, 3:43.36 (minti 3 da daƙiƙa 43.36), a allo, bai san ko abin a zo a gani ba ne, sai ya tsallake. Wannan jahilci ne mai saurin magani.

Ku fara da layukan tafki, wato hanyar da ake ware wa kowane mai ninkaya. A zagayen ƙarshe mutum takwas ne. Wanda ya fi sauri a share fage shi ake ba layi na 4, mai bi masa na 5, sannan 3, 6, 2, 7, 1, na ƙarshe a ba shi layi na 8 can gefe. Hafnaoui da ƙyar ya tsallake, shi ne na takwas, daga layi na 8 kuma ya doke kowa. Labarin ke nan. Wanda bai san tsarin layi ba zai ce kawai wani ɗan Tunisiya ya ci zinare, ya zubar da abin da zai sa mai karatu ya gyara zama.

Share fage ma yana kayar da marubuta. Ba matsayinka a rukuninka ake dubawa ba, lokacinka ake jerawa da na kowa. A tseren mita 50 da 100 da 200, mutum 16 mafiya sauri ke wucewa zagayen kusa da ƙarshe. A mita 400 da 800 da 1500, takwas ne ke wucewa kai tsaye. A Tokyo, Abiola Ogunbanwo ta Najeriya ta zo ta ɗaya a rukuninta na mita 100 da daƙiƙa 59.74, amma ba ta wuce ba. Wanda ya rubuta "ta lashe gasa" ya yi kuskure, wanda ya rubuta "an yi waje da ita ba ta taɓuka komai ba" ya fi shi kuskure. Ita ce macen Najeriya ta farko da ta kammala mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma abin da ya kamata ya zama kanun labari ke nan.

Kada ku taɓa rubuta lokaci ba ku faɗi tsawon tafkin ba. Akwai na mita 50, irin na Olamfik, akwai na mita 25, kowanne da nasa kundin bajinta. A mita 100, mai ninkaya a dogon tafki sau ɗaya zai juya, a gajere sau uku, kuma duk juyi yana tokarar bango da ƙafa ya samu ƙarin gudu. Don haka lokacin gajeren tafki yakan fi ƙanƙanta. Ka haɗa su wuri ɗaya, sai ka sanar da sabon tarihin da babu shi. Haka nan kada ku datse lambobin bayan ɗigo don sauƙin karatu. A tseren mita 100 na gasar Olamfik ta Bejin a 2008, Michael Phelps ya ci zinare da daƙiƙa 50.58, Milorad Cavic ya yi 50.59. Faifan lantarki da ke manne a bango shi ke yanke hukunci, sai an danna shi yake tsayar da agogo, ido da hoton talabijin ba hujja ba ne.

Salo huɗu ne: na rub-da-ciki wanda ya fi sauri, na rigingine, na kwaɗo, da na malam-buɗe-littafi. In kun ga an soke sakamakon wani, ku nemi dalili kafin ku ce an yi masa maguɗi. Ko ya tashi kafin a ba da alama, wanda sau ɗaya ya isa a kore shi. Ko ya wuce mita 15 a ƙarƙashin ruwa bayan tsunduma ko juyi, a salon da aka hana haka. Ko ya taɓa bango da hannu ɗaya a salon kwaɗo ko malam-buɗe-littafi, inda dole hannu biyu su taɓa tare. A tseren karɓa-karɓa kuwa, ƙafar na gaba ta bar dandamali kafin abokinsa ya taɓa bango, duk su huɗun sun tashi a tutar babu.

Wani abu da kan wuce masu rahoto: a gasar duniya ta Roma a 2009 an kafa sabon tarihin duniya har 43, saboda wasu rigunan roba masu ɗaga jiki a ruwa, aka haramta su daga 2010. Duk wanda ya karya tarihin da ya tsaya tun wancan lokaci, babban labari ne.

Abin takaici, ɗan ninkayar Afirka da aka fi yaɗa bidiyonsa shi ne Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini, wanda ya sha wuya kafin ya kai ƙarshen mita 100 a Sidni a 2000, ana ta dariya har yau. Nahiyar nan ce kuma ta haifi Oussama Mellouli mai zinare a 2008 da 2012, da Tatjana Smith ta Afirka ta Kudu mai zinare a Tokyo da Faris, da Kirsty Coventry ta Zimbabuwe mai lambobin Olamfik bakwai, wadda aka zaɓa shugabar kwamitin Olamfik na duniya a 2025.

Aikin ba ya buƙatar kuɗin jirgi. Hukumar ninkaya ta duniya, World Aquatics, tana saka sakamakon gasanninta a intanet kyauta. A gida, idan ana gasar wasanni ta ƙasa, ku je bakin tafki ku karɓi takardar sakamako daga hannun alƙalai, kada ku dogara da ta bakin koci. Ku tambaya ko da agogon hannu aka auna ko da na lantarki, domin na hannu yakan rage ɗan lokaci, tunda mai riƙe da shi yakan ɗan makara wajen dannawa a farko. Ku tambayi ɗan wasa lokacinsa mafi kyau kafin yau, da shi za ku gane ko ya ci gaba. Batun hoto kuma, yawancinsu yara ne, wasu mata: ku jira su sa rigar atisaye su hau dandamalin karɓar lamba, ku nemi izininsu ko na iyayensu kafin ku wallafa.